Layi Ɗaya Ko Layi Uku: Wanne Ya Fi Haɗari A Gida?

A hutun da ya wuce, cikin tsakiyar damina, wata ranar Laraba bayan sallar magariba, wutar gidanmu da ke Tambuwal ta yi sanyi, har ƙwan fitilar tsakar gida ya koma ja kamar garwashi. Fanka tana juyawa da ƙyar. Muka leƙa gidan da ke kallon namu muka ga tasu wutar tana haske tar. To, duk wanda ya zauna a gida mai layi uku ya san abin da akan yi in haka ta faru, watau a ce wa yaro ya je ya canja layi. Yayana ya tashi ya nufi zaure inda allon mita yake, ni kuma na bi shi da tocila. An yi ruwa da la'asar, daɓen zauren duk danshi ne, shi kuwa ba takalmi a ƙafarsa. Ya zare fiyus daga gurbin farko lafiya lau. Da ya kai hannu zai cusa shi a gurbi na biyu, sai na ji ya yi wata irin ƙara wadda ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba, na gan shi can jikin bango a zaune. Ashe marfin fiyus ɗin ya daɗe da tsagewa, yatsunsa suka sauka a kan ƙarfen. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya ga ƙuna a yatsu biyu da ciwon kafaɗa na kwana uku.

Washegari maƙwabta suka zo jaje, aka zauna a ƙofar gida ana ta gardama. Wani dattijo ya ce ai dole ta yar da shi, tun da wutar gida mai layi uku ninki uku ce ta sauran gidaje. Wani kuma ya ce shi abin da ya sa ya ƙi layi uku ke nan, domin layi ɗaya iyakarsa ya girgiza mutum ya sake shi, ba ya kisa. Ni dai ban tsoma baki ba, don yaro ba ya gardama da manya. Amma da muka koma makaranta na kai maganar gun malaminmu na kimiyya, na kuma duba littattafan da ya nuna mini. Abin da na samo shi ne, duka maganganun biyu akwai kuskure a cikinsu, ta biyun kuwa ta fi ta farkon hatsari. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na fahimta a wannan mujalla tamu, ko wani ya amfana.

Bari mu fara da inda wutar take fitowa. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1968, kuma daga can ne babban layi mai ƙarfin bolt 330,000 ya taso zuwa Birnin Kebbi, daga nan wani mai bolt 132,000 ya wuce Sakkwato. A kan hanya akan yi ta rage wannan ƙarfi da taransifoma, a mai da shi bolt 33,000 ko 11,000, har a zo kan taransifomar unguwa wadda muke gani bisa dakali an kewaye ta da waya. Hukumar da iyayenmu suka sani da wannan aiki ita ce NEPA, wadda aka kafa a 1972. A 2005 ta koma PHCN, a 2013 kuma aka sayar wa kamfanoni aikin rarrabawa, jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna suka faɗa hannun kamfanin Kaduna Electric. Duk da haka har gobe in aka kawo wuta yara NEPA suke kira.

In ka ɗaga kai ka dubi falwayar da ta biyo titin unguwarku, za ka ga wayoyi huɗu. Uku daga ciki masu wuta ne, su ne muke kira layi. Ta huɗun ita ce masu wayarin ke kira niyutiral, watau hanyar da wutar take bi ta koma taransifoma bayan ta gama aiki, kuma an haɗa ta da ƙasa a can gindin taransifomar. Gida mai layi ɗaya, wanda ake ce wa singil-fes, an ja masa waya biyu ne: mai wuta guda da niyutiral. Gida mai layi uku, watau tiri-fes, an ja masa duka huɗun. Iyakar bambancin ke nan a ido. Taransifoma ɗaya ce take ba su duka.

To mene ne ya raba layukan nan uku, tun da daga wuri ɗaya suka fito? Malaminmu ya ce in tuna da mata uku suna lugude a turmi guda. Taɓaren kowace yana hawa yana sauka, amma ba sa sauka tare, bi da bi suke yi. Wutar gida haka take, ba ta gudu fuska ɗaya kamar ta batir, gaba take yi ta yi baya, sau hamsin a cikin kowace daƙiƙa. Layukan uku ƙarfinsu ɗaya, sai dai kowanne yana bayan ɗan'uwansa da sulusin zagaye. Sa'ad da wannan yake sama, wancan ya yi ƙasa. Saboda haka in ka auna tsakanin kowane layi da niyutiral, ko da ƙasa, za ka sami wajen bolt 230. In kuwa ka auna tsakanin layi da layi, sai ka sami wajen bolt 400, ko 415 kamar yadda aka rubuta a jikin taransifomomi da yawa. Mai karatu zai ce don me ba 460 ba, tun da 230 biyu ne? Dalili shi ne ba daidai lokacin da wannan ya kai ƙololuwa wancan yake kaiwa ƙarshen ƙasa ba. 'Yan ajin lissafi su ninka 230 da 1.73 su ga abin da zai ba su. Wannan tsari ba sabo ba ne. Tun 1891 aka gwada shi a Jamus, aka tura wuta mai layi uku daga Lauffen zuwa Frankfurt, tafiyar wajen kilomita 175, duniya ta ga ya fi araha wajen waya, ya kuma fi dacewa da manyan injuna, ta bi.

Yanzu mu koma kan yayana. Waya nawa ya taɓa? Ɗaya. Ƙafarsa tana ina? Bisa jiƙaƙƙen daɓe. Ke nan wutar da ta bi jikinsa ta shiga ta yatsa ta fita ta ƙafa, kuma bolt 230 ce, ba ƙari ba ragi, daidai da wadda ke cikin soket na gida mai layi ɗaya. Maganar ninki uku babu ita. Wutar da ta ɗaga saurayi ta maka shi da bango ita ce dai wadda mai maganar nan ta biyu yake kwana da ita a ɗakinsa yana cewa ba ta kisa.

A nan ya kamata mu san abin da yake kashe mutum. Bolt kamar ƙarfin turin ruwa ne a cikin bututu, amfiya kuwa yawan ruwan da ya wuce. Abin da ke yin ɓarna a jiki shi ne yawan wutar da ta ratsa shi, da hanyar da ta bi, da daɗewar da ta yi. Akan auna ta da miliamfiya, watau kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Miliamfiya ɗaya, mutum zai ji ɗan tsiri-tsiri kamar tafiyar kiyashi. Wajen goma zuwa sha biyar, naman hannu ya ɗaure, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Wannan shi ne abin da mutanenmu ke nufi in sun ce wuta ta riƙe shi. Ba riƙe shi ta yi ba, hannunsa ne ya dunƙule a kan wayar ba da sonsa ba, domin jijiyoyin da ke dunƙule hannu sun fi masu buɗe shi ƙarfi. Daga talatin zuwa sama numfashi kan yi wuya. In ta kai hamsin zuwa ɗari ta kuma bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya, zuciyar ta koma karkarwa maimakon harba jini, cikin 'yan mintoci rai ya yi halinsa. Wani injiniya Ba'amurke mai suna Charles Dalziel ya yi shekaru yana binciken wannan al'amari a jami'ar Kalifoniya, kuma aikinsa yana cikin abin da aka dogara da shi har yau.

Wuta nawa za ta ratsa mutum in ya taɓa bolt 230? Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya bayyana a 1827 ita ke ba da amsa: a raba bolt da ƙarfin tarewar jiki. Busasshiyar fata mai kauri, irin ta tafin hannun manomi a lokacin hunturu, tana tare wuta sosai. Amma in jiki ya jiƙe da ruwa ko gumi, tarewar takan faɗo zuwa wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000, ka sami miliamfiya 230. Raba 400 da 1,000, ka sami miliamfiya 400. Gaskiya ne ta biyun ta fi muni, ta fi ƙona nama, ta fi saurin huda fata. Amma dubi ta farkon ma, ta ninka abin da zai tsai da zuciya fiye da sau biyu. Mutumin da ya faɗa rijiya mai gaba goma da wanda ya faɗa mai gaba ashirin, in ba su iya ruwa ba, labarinsu ɗaya ne.

Abin da ya sa mutane ke raina layi ɗaya shi ne kusan kowa ta taɓa fizgarsa ya tsira. Ya tsira ne don a ranar hannunsa a bushe yake, ko yana sanye da silifa na roba, ko bayan hannunsa ne ya goga wayar sai ta ture shi. In aka sake kwatanta abin a bazara, ana gumi sharkaf, ko a banɗaki da ƙafa cikin ruwa, sakamakon daban ne. Shi kansa tsuntsun da muke gani bisa falwaya ba wani asiri gare shi ba. Waya ɗaya ya taka, bai taɓa ƙasa ba, bai taɓa ta biyu ba, wutar ba ta da dalilin bi ta jikinsa. Babban tsuntsu ko jemage in ya buɗe fikafikai ya haɗa waya biyu, nan take yake soyewa.

Duk da haka ba zan ce gida mai layi uku da mai layi ɗaya hatsarinsu ɗaya ba. Akwai tarkuna a gida mai layi uku da babu su a ɗayan, kuma yawancinsu a kan allon mita suke taruwa.

Ka lura da yadda akan haɗa allon a gidajenmu. Ana kawo layi uku, kowanne da gurbin fiyus nasa, sa'an nan a haɗa gindin gurabun uku da waya guda wadda ta shiga gida, a bar fiyus ɗaya tak ana yawo da shi. A gaskiya irin wannan gida layi ɗaya yake amfani da shi, sauran biyun ajiya ce don ranar da wani ya yi sanyi ko ya ɗauke. To ga inda gizo ke saƙa. In fiyus yana gurbin farko, gindin sauran gurabu biyun ma ya ɗauki wutar layin farko, alhali samansu yana ɗauke da wutar nasu layin. Watau a cikin kowane gurbin da ka gani fayau ba kome, akwai bolt 400 tsakanin ƙarfen sama da na ƙasa, tazarar da ba ta wuce tsawon yatsa ba, a buɗe, a zaure, inda yara ke wasa. Wanda kuma ya yi ganganci ya sa fiyus na biyu bai cire na farko ba, ya haɗa layi da layi kai tsaye ke nan. Abin da ke biyo baya ba jan wuta ba ne kawai, fashewa ce da walƙiya da narkakken tagulla mai fallatsa a fuska da ido. Ko zare fiyus ɗaya ma, in akwai hita ko dutsen guga a kunne a cikin gida, yakan yi tartsatsi mai ƙuna. Saboda haka in aka tambaye ni abin da ya ja wa yayana, sai in ce wutar da ta buge shi ta layi ɗaya ce, amma layi uku ne ya kai hannunsa wurin. Mai layi ɗaya sai ya shekara bai taɓa allonsa ba. Mu kuwa a dare ɗaya akan aike mu sau uku, cikin duhu.

Maganin wannan ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Akwai makunni na canja layi, a rufe cikin akwatinsa, mai hannu a waje, wanda aka ƙera shi yadda ba zai yiwu layi biyu su haɗu ba. Shi aka sa mana bayan abin da ya faru, aka kuma rufe gurabun.

Tarko na biyu shi ne zaton an ɗauke wuta. A gidan da aka raba ɗakuna a kan layi uku, ɗakin maigida yana iya zama cikin duhu alhali na kusa da shi yana da wuta. Mutum ya ga fitilarsa ta mutu, ya ɗauko sukuddireba ya buɗe akwatin wayoyi, bai san wayar wani layin ta ratsa ta ciki ba. Haka kuma in soket biyu na ɗaki ɗaya suna kan layi daban-daban, ko aka jawo wuta da doguwar waya daga gidan maƙwabci wanda yake kan wani layi, an shigo da bolt 400 cikin ɗakin kwana ke nan ba a sani ba. Launin wayoyi ma yana ruɗarwa. A tsohon tsarin da muka gada daga Ingila, layukan uku ja ne da rawaya da shuɗi, niyutiral baƙa. A sabon tsarin da Ingila ta koma a 2004, layukan ruwan ƙasa ne da baƙi da ruwan toka, niyutiral kuwa shuɗiya. Ka ga baƙi da shuɗi sun yi musanyar aiki ke nan, kuma wayoyin iri biyu duk suna kasuwa. Kada wanda ya dogara da launi. Sai an gwada, a kuma gwada abin gwajin kansa a inda aka tabbata akwai wuta.

Akwai kuma wani hatsari wanda ya fito daga tsarin layi uku amma bai bar mai layi ɗaya ba, shi ne tsinkewar niyutiral. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki kafin in gane shi. Akan ji an ce an kawo wuta mai ƙarfi a unguwa kaza ta ƙone talabijin da firji da cajar waya, alhali a wasu gidajen unguwar ƙwai ko haske bai yi ba. Sau da yawa ba daga Kainji aka ƙaro kome ba. Iskar farkon damina ce ta tsinka waya ta huɗu, ko mahaɗinta ya yi tsatsa ya saki, ko ɓarayin waya sun sace ta ƙasan taransifoma. In hanyar komawa ta yanke, wutar gidanku sai ta bi ta gidan maƙwabcinku da ke kan wani layi, gidajen biyu su raba bolt 400 tsakaninsu. Rabon kuwa ba na adalci ba ne, wanda ya kunna kaya kaɗan shi ke kwasar kaso mai yawa. A ce gida ɗaya ya kunna hita mai wat 1,000, ɗayan kuwa ƙwan fitila ɗaya mai wat 60. Na lissafa, mai hita zai sami abin da bai kai bolt 30 ba, mai ƙwai ɗaya kuwa fiye da 370 za su faɗa masa. Har wa yau, wayar niyutiral da kowa ke ɗauka ba ta da wuta tana iya ɗaukar wuta a wannan hali. Alamar ita ce ka ga wasu fitilu suna haske fiye da kima wasu suna dushewa, ko haske yana sauyawa in an kunna wani abu. In ka ga haka, kashe babban makunni, ka sanar da ma'aikatan wuta.

Daga Tambuwal nakan je Kebbe gun kawuna, wanda yake da injin niƙa. A can na ga inda layi uku yake da amfani na gaskiya. Motar babban injin niƙa, da ta injin casar shinkafa, da famfon babbar rijiyar burtsatse, da layi uku suke aiki, domin bugun nan na bi da bi shi ke juya su sumul ba tare da fizga ba. In layi ɗaya ya ɗauke, motar takan tsaya tana gurnani tana zafi, in ba a kashe ta da sauri ba ta ƙone. Kawu bai yi boko ba, amma na ga yana yin abin da littafi ya ce. Ya ɗaure waya mai kauri daga jikin injin zuwa wani ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa a bayan shagon, kuma da rani yakan sa yaransa su zuba ruwa a gindin ƙarfen. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Ɗana, wagga waya ita ka sha wuta in ta ɓace hanya. In ƙasa ta bushe, ba ta sha." Gaskiyarsa. Wannan ita ce wayar ƙasa, mai launin kore, ko kore da rawaya, wadda ke zuwa dogon ƙarfen nan na uku a jikin fulogi. Aikinta shi ne in waya mai wuta ta goge ta taɓa jikin firji ko dutsen guga, wutar ta sami hanya mai sauƙi ta bi, fiyus ya tsinke, maimakon ta jira hannun mutum. Ƙasarmu mai yashi ce, ga dogon rani, shi ya sa ƙarfen yake bukatar zurfi da danshi. Amma gidaje nawa ne aka yi wa wayarin da waya biyu kawai don a rage kuɗi? Mu kanmu 'yan makaranta mun sha cusa tsirarar waya cikin soket mu danne da tsinken ashana.

Wani abin da na ɗauka a da shi ne fiyus yana kare mutum. Ba ya karewa. An sa shi ne don kare wayoyin gida daga gobara. Fiyus mai amfiya 30 ba zai tsinke ba sai wutar da ke wucewa ta haura amfiya 30, alhali miliamfiya 30, watau kashi ɗaya cikin dubu na wannan, ta isa ta fara shaƙe mutum. Balle a ce an naɗa masa tagulla mai kauri don kada ya riƙa tsinkewa, kamar yadda aka saba. Abin da ke kare rai wata na'ura ce da ake kira RCD, wasu masu wayarin kuma ELCB suke ce mata. Ita tana auna wutar da ta fita ta layi da wadda ta komo ta niyutiral. In ta ga gibin miliamfiya 30, ta san wutar ta bi wata hanya, watakila ta jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Akwai ta layi ɗaya, akwai ta layi uku. Sai dai ita ma ba ta ganin wanda ya riƙe layi da hannu ɗaya, niyutiral ko wani layin da ɗaya hannun, bai taɓa ƙasa ba, don a wurinta shi da ƙwan fitila duk ɗaya ne.

Janareta da sola sun ƙaro nasu. Wanda ya haɗa janareta da wayarin gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin gari ba, wutarsa za ta fita ta hau falwaya, taransifoma kuma ta yi aikinta a juye, ta ɗaga bolt 230 zuwa dubbai, ta sami ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layi a kashe yake. Inbata ta sola ma bolt 230 take bayarwa. Gidan da ke da ita yana da wuta ko da gari duka yana cikin duhu.

In ka tarar wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi da hannu, don kai ma za ta haɗa da kai. Ruga ka kashe babban makunni, shi ya sa ya kamata kowa a gida, har mata da yara, su san inda yake. In ba hali, tsaya a kan busasshen katako ko tabarmar roba, ka ture wayar ko hannunsa da busasshiyar sanda. Ture na ce, ba duka ba. Na sha jin ana cewa a ɗura masa madara. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi kome ta baki, don zai shaƙe. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, kada a daina har a sami ma'aikacin lafiya. Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ƙunar wuta takan fi zurfi a ciki bisa ga abin da ido ke gani, bugun zuciya kuma yana bukatar a duba shi.

Wannan duka game da wutar gida ne. Babbar waya mai bolt 11,000 ko 33,000 in ta faɗi, ba sanda ba katako, sai nisa. A watan Afrilu na 2017 irin wannan waya ta faɗo a kan wani gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano a Kalaba, ana kallon wasan Manchester United da Anderlecht, mutum bakwai a ƙalla suka rasu. Inda waya ta taɓa ƙasa, ita ƙasar kanta takan ɗauki wuta, ƙarfin yana raguwa yayin da ake nisa da wurin, har ya zama tsakanin ƙafarka ta gaba da ta baya akwai bambancin bolt mai yawa. Shanu sun fi mu shiga wannan hatsari saboda tazarar ƙafafunsu, kuma makiyayan ƙasar Kebbe da ke bi ta ƙarƙashin layuka da dogayen sanduna a kafaɗa ya kamata a gaya musu. Wanda ya tsinci kansa kusa da irin wannan waya ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su kaɗan-kaɗan ba tare da ɗagawa ba, har ya yi nisan mita goma ko fiye, sa'an nan ya tsaya ya hana wasu matsowa.

Da na koma gida hutun ƙarshen zango na zaga da mai wayarin da ya sa mana sabon makunni, muka duba gidan ɗaki-ɗaki. Muka sami soket huɗu da ba su da wayar ƙasa, da wata waya da ɓera ya ci a cikin silin har ta kusa taɓa kwanon rufi, ita kuwa wayar shanyar tsakar gida a jikin wannan kwanon aka ɗaure ta. A banɗaki muka tarar da hitar nan ta cusawa a bokiti, igiyarta an naɗe da leda wuri biyu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi yawan layukan da ke shigowa gidan. Ya ce zai dawo ranar Asabar da RCD da sabon ƙarfen ƙasa, mu kuma mu haƙa masa rami kusa da magudanar ruwan wanka, inda ƙasar ba ta bushewa.